Faransancin Kaka a Gindin Rumbu

Jiya a kasuwar Makoda na ji wani direba ɗan Nijar yana cewa "dusuma, dusuma," wato a hankali da Faransanci, sai kakana ya faɗo mini a rai.

Ina ajin ƙarshe na sakandare malamin Faransancinmu ya gama bautar ƙasa ya tafi, saura wata biyu jarrabawa. An riga an yi mini rajista, ba halin canja darasi, kuma duk ƙauyen ba wanda zan tambaya. Sai dai in buɗe littafi in rufe.

Kaka ya yi fatauci a Maraɗi da ƙuruciyarsa. Yana jin Faransanci, amma bai iya karanta shi ba. Wata la'asar ya tarar da ni a gindin rumbu ina hawaye. Ya zauna yana ɓarar gyaɗar iri, iska na kawo ƙanshin ruwan farko.

"Amarya, karanta in ji."

Na karanta ina cije-cije. Ya yi dariya. "Ke da ido, ni da kunne. Dusuma, sake."

Haka muka yi kullum har jarrabawa. Na tsallake da ƙyar, amma sakamakon bai riske shi ba.

Allah ya haskaka makwancinsa, ya sauƙaƙa masa tambayar kabari.