Yadda Na Feƙe Alƙalamin Basine a Jidda

Kazaure zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gida, akwatin ƙarfe a kai, gafaka a kafaɗa. Mai ɗakina Hajara ta rako ni zaure tana nanata mini maganar turaren da zan sayo mata. Ni kuwa abin da ke raina daban ne. Sana'ata rubuta Alƙur'ani da hannu, ita na gada, ita ta riƙe gidana shekara ashirin da shida. To shekara biyu ke nan da hannun damana ya soma rawa. Da fari na ce sanyi ne. Daga baya wasali ya riƙa sauka inda ban aike shi ba, har na ɓata takarda bakwai a yini ɗaya. Wanda nake rubutawa ya tsaya a izu na arba'in da ɗaya, na naɗe shi na ajiye. Na ƙudura in na dawo daga Hajji hannun bai daidaita ba, na bar alƙalami ke nan. Ban faɗa wa kowa ba, amma tsoro nake ji ƙwarai, don ban iya komai ba sai wannan.

Motar gyaɗa muka samu, sule huɗu a baya, shida a gaba. Direban ya dube ni ya ce, "Malam, shigo gaba, ka biya mu da addu'a a Arfa." Mil hamsin muka yi, muka shiga Kano takwas da kwata. Kwana uku na yi a sansanin alhazai, aka duba katin allura, aka auna kaya. Da na zo sa hannu, ma'aikacin ya ga yadda alƙalami ke kaɗawa a yatsuna, sai ya turo mini tawadar dangwale. Na dangwala, ni da na rubuta Alƙur'ani goma sha tara. Ranar ban iya cin abinci ba.

Kano zuwa Jidda

Jirgi ya tashi bakwai na safe, ya sauka Hartum ya sha mai, muka isa Jidda ana kiran magariba. Iskar garin mai ɗumi ce, ga danshi, kamar an lulluɓa maka jiƙaƙƙen bargo. A bakin masaukin alhazai na ji wani yana ƙwala sunana, "Ilu! Wainahu, ina Ilu na Kazaure?" Usumanu ne, ɗan Goggo Sa'a ƙanwar mahaifina, wadda ta taho nan a ƙafa da mijinta tun ban yi wayo ba. A Jidda aka haife shi, tasi yake ja, bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma wasan taubasai bai ɓace masa ba.

Ya ce, "Yalla, maza, bawana, ɗauki akwatinka. Uwata ta ce malami ne zai zo, ashe baƙauye ne."

Na ce, "Baƙauyen da ya zo koya maka Hausa."

Gidan Goggo na unguwar Ammariyya, ɗaki biyu da soro. Ta rungume ni tana kuka tana kiran sunan mahaifina. Ta yi mini tuwon shinkafa da miyar kuɓewa busasshiya, da safe kuma gurasar tamis da wake, ƙurshi huɗu a bakin layi.

Makka

Mil arba'in da biyar ne zuwa Makka, da shinge ɗaya a hanya inda ake duba fasfo. Aikin Hajji ba zan tsawaita ba, waɗanda suka fi ni sun ba da labarinsa. Abin da na roƙa a Arfa guda ne, lafiyar hannuna, bayan na sauke alkawarin direban gyaɗa. Muka ziyarci Madina, muka dawo Jidda, aka ce jirginmu sai bayan kwana goma sha ɗaya. Hannu kuwa yana nan yadda yake.

Sharafiyya

Kwana biyu da dawowa Goggo ta ga shayi yana zuba daga kofina. Ba ta tambaye ni ba, sai ta ce da ɗanta, "Kai shi wurin Ammi Yunus, ya ga ɗan'uwansa."

Bayan la'asar muka tafi, minti goma a mota. Shago ne ƙarami a wani lungu na unguwar Sharafiyya, tsakanin tela da mai gyaran rediyo. Ammi Yunus mutumin ƙasar Sin ne, Musulmi, tsoho siriri mai gemu kamar zare goma. Ban taɓa sanin akwai Musulmi a can ba. A bango ga dogayen takardu a rataye, wasu da rubutun Sinawa daga sama zuwa ƙasa, wasu da Larabci, amma irin wanda ban taɓa gani ba: harafi ya faro da kauri ya ƙare siriri kamar wutsiyar ɓera, kowanne da jan hatimi a gefe.

Ya zuba mana shayi ba sukari. Nan idona ya tsaya, don butar rawa take a hannunsa, murfinta har ƙara yake, ya fi ni nesa ba kusa ba. Sai ya ɗauko wani baƙin abu kamar guntun sabulu, ya ɗiga ruwa a kan faffaɗan dutse, ya yi ta gogawa a hankali har ruwan ya zama tawada. Ya miƙe tsaye, ya ɗauki alƙalaminsa, wanda gora ce da tsinin gashi, ya riƙe shi a tsaye cak, hannu bai taɓa tebur ba. Ya ja numfashi ya ja layi. Wallahi ko kaɗan bai karkace ba.

Da Larabcina na littafi da nasa na kasuwa, Usumanu yana cike giɓi, na ji tarihinsa. A wani gari aka haife shi a gefen babban kogi, inda ruwa ke daskarewa da sanyi. Yana ɗan shekara bakwai aka kai shi wurin malami, ya shekara uku yana rubutu da ruwa a kan tubali kafin a bar shi ya taɓa tawada. Da yaƙi ya ci garinsu ya ƙetara duwatsu zuwa ƙasar Hindu, matarsa ta rasu a hanya, ya hau jirgin ruwa ya sauka nan. Abin da ya fito da shi dutsen nan ne da alƙaluma uku na malaminsa a hannun riga. Ɗaya ya ƙare, saura biyu. Yanzu allon shaguna yake rubutawa, da ayoyi ga alhazai.

Na miƙa masa hannuna ya gani. Ya ce, "Bukra," wato gobe da safe.

Ɓarnar da na yi

Takwas na safe ina shagon. Ya ba ni ɗaya daga cikin biyun nan, da kwanon ruwa, da falalen dutse, ya ce in ja alif, shi zai je sayen takarda. Usumanu ya tafi neman fasinja. Na ja, gashin ya lanƙwashe. Na sake, ya baje. Na duba bakin, na ga wasu silin gashi sun fi wasu tsawo. Mu kuwa a wurinmu marubucin kirki ba ya fara aiki da alƙalami mai dakusasshen baki, kuma feƙe wa babba alƙalaminsa ladabi ne, tun ina yaro nake yi wa mahaifina. Na ce a raina, tsohon nan hannunsa ya hana shi gyara kayansa, bari in taimaka. Na zaro 'yar wuƙata daga gafaka, na ɗora gashin a kan farcen babban yatsa, na datse shi a karkace, tsaf, yadda ake yi wa na gamba. Har ina jin daɗin aikina.

Tare suka dawo. Usumanu ya riga shi gani, ya dafe kai. "Ya Laɗif! Halas, shi ke nan, ka kashe mu, bawana!"

Tsohon ya karɓi alƙalamin, ya jima yana kallonsa. Ya durƙusa ya tsince gashin da ya zuba, ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe a takarda. A mota Usumanu ya bayyana mini cewa tsinin nan shi ne alƙalamin gaba ɗaya, kuma ba a samun irinsa ko a Misira. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Ga baƙin cikin ɓarna, ga kuma ƙofar da na fara hangowa na rufe ta da hannuna.

Na yi yini biyu a soro ban fita ba. Goggo ta hau ta same ni. Ta ce, "Ɗan nan, ɓuya za ka yi har jirgi ya zo? Ubanka ma haka yake, in ya yi laifi sai ya bar wa mutane wahalar nemansa. Tashi ka je."

Na koma ni kaɗai a ƙafa. Na ɗauki alƙalamin gamba da mahaifina ya bar mini, na ajiye a gaban Ammi Yunus tare da wuƙar, na ce ya yi masa yadda ya ga dama. Ya juya shi, ya duba bakin, ya tsoma a tawada ya danna yadda ya saba. Tawada ta fantsama masa har gemu. Sai ya fashe da dariya, har da tari.

Ya ce, "Ya Hajj, wa ya koya maka yanka baki haka?"

Na ce, "Mahaifina."

Ya ce, "To ka yi abin da malaminka ya koya maka. Ni ne ban faɗa maka abin da nawa ya koya mini ba. Ma'alesh, ba komai. Tashi tsaye."

Kwana shida

Ya kama gwiwar hannuna ya ɗaga. Ya ce rawar a yatsu take da wuyan hannu, to in sallame su, in bar kafaɗa ta yi aikin. Mu a zaune muke rubutu, takarda a cinya, yatsu uku ke wahala. Shi jikinsa duka ke rubutu, tun daga ƙafa. Kullum daga takwas zuwa azahar alif nake ja da ruwa, ya bushe in sake. In na ɗaure numfashi ya buge ni a baya da mafici yana cewa, "Shuwayya shuwayya," wato sannu-sannu. Rana ta huɗu na ja wani alif, ya dube shi har ya bushe, bai buge ni ba.

Ya kuma nuna mini yadda ake haɗa alƙalamin da gashin akuya, a taje, a jera, a ɗaure da zare. Akuyar maƙwabciyar Goggo ce ta ba da gudummawa ba da son ranta ba, Usumanu na riƙe da ƙaho yana cewa ga malamin Kazaure ya koma wanzami. Ranar sallama tsohon ya riƙe hannuna da nasa, duka biyun suna rawa, ya ce in yi masa addu'a ya sake ganin kogin garinsu.

Komawa gida

Jirgi ya tashi tara na safe, muka kwana Kano, washegari ƙarfe biyu na rana ina ƙofar gida. Aka sha zamzam, aka raba dabino. Ba zan yi ƙarya ba, ƙananan haruffa ba su dawo mini ba, izu goma sha tara da suka rage wani ne ya ƙarasa. Amma na sayi babbar takarda, na miƙe tsaye, na rubuta Bisimilla da alƙalamin gashin akuya, kowane harafi girmansa kamar tafin hannu, na manna a zaure.

Cikin masu zuwa yi mini barka har da Malam Sule, wanda duk ƙasarmu babu mai kyan rubutunsa, mutumin da bai taɓa yaba aikina ba. Ya tsaya gaban takardar ya daɗe. Ya ce, "Daga Makka ka sayo?" Na ce ni na rubuta jiya. Ya dubi hannuna yana kaɗawa a kan gwiwa, ya sake duban takardar. Ya jira har zauren ya watse, sannan ya zaro hannun damansa daga cikin riga ya miƙo mini. Rawa yake yi.

Ya ce a hankali, "Tun bara. Ko iyalina ba su sani ba."

Na ce, "Tashi tsaye, Malam." Na leƙa cikin gida na ce Hajara ta miƙo mana kwanon ruwa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Allah ya saka wa Goggo Sa'a da Usumanu, ya kuma nuna wa Ammi Yunus kogin garinsu.