Baba Sifana, Wanda Ya Koma Kan Aikinsa

Tun kafin rana ta ɗumama kwano yake fita. Sai ya ɗaure tsani a jikin keke, ya rataya jakar kayan aiki, ya bi layi yana tura keken, idonsa a sama. Ana gaishe shi yana amsawa, amma rufin gidajen mutane yake kallo. Baba Sifana ake ce masa, saboda sifanar da ba ta barin aljihun rigarsa.

Aikinsa kafa ƙafafun sola ne, wato ƙarafunan da ke riƙe farantan a kan rufi. Idan wuta ta kama, mai haɗa waya ake yi wa sannu, ba mai tuna ƙarfe. Shi bai damu ba. Yakan ce, "Faranti zai iya yin shekara ashirin da 'yan kai, amma sai in abin da ya zauna a kai ya yarda." Shekara ashirin da biyu ke nan, duk kafin damina sai ya zagaya gidajen da ya yi wa aiki, ya ɗaure notin da ya saki, ya canza robar da rana ta busar, ya kwashe ganyen da ke tara ruwa a gindin ƙarfe.

Shekara uku da suka wuce ya hau wani rufi, ya sa sifana, sai kan wata ƙusa ya gutsure ya biyo hannunsa. Cikinta duk tsatsa ne. Ya daɗe zaune a kan kwanon yana jujjuya ta. Da ya yi tambaya sai ya gane matsalar. A farkon aikinsa da ƙusar baƙin ƙarfe yake ɗaure alminiyom, kamar yadda ya ga ana yi. Ashe in ruwa ya shiga tsakaninsu, cin juna suke yi a hankali. Gida talatin da ɗaya ya yi wa irin wannan ɗaurin, kuma ba wanda ya sani sai shi.

Da ya ja bakinsa, da in ɗaurin ya lalace iska za a zarga. Amma ya sayo ƙusoshin da ba sa tsatsa, ya fara bin gidajen ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙofa magana ɗaya yake yi: "Na yi muku kuskure, na zo gyarawa." Mai wanki ya shaida, malamin makaranta ya shaida, mai sayar da ƙanƙara ma haka. Ana cikin wannan gwiwoyinsa suka fara kumbura, likita ya ce ya bar hawa tsani. Baba Sifana ya ce to, saura gida ɗaya.

Gidan Gwaggo mai ɗinki ne, tsohuwar da kekenta na ɗinki ke aiki da sola, farantai huɗu a saman ɗakin da take wuni a ciki. Sau uku tana korar sa.

"Duk wanda ya hau min kwano sai ya bar min yoyo. Wutata lafiya lau take, me za ka taɓa?"

A zuwa na huɗu bai sauke tsani ba. Ya zauna a bakin ƙofa, ya miƙe ƙafa, ya ba ta wata tsohuwar ƙusa da ya ciro a rufin maƙwabcinta.

"Gwaggo, murza min wannan."

Ta murza, ƙusar ta karye a yatsunta, garin tsatsa ya zuba a kan yadin da take ɗinkawa.

"Irinta goma sha shida ke riƙe da abin da ke saman kanki. Kuma ni na ɗaura su."

Ta kaɗe yadin, ta dube shi ta saman tabarau. "Kai da kanka kake tona wa kanka asiri?"

"Gara in tona da bakina da iska ta tona min."

"Da waɗannan gwiwoyin za ka hau? Ni da na girme ka ma na fi ka tafiya."

"To ki hau, in riƙe miki tsani."

Gwaggo ta yi dariya har da tari. Ita ce ta riƙe masa tsanin da hannu biyu, tana ta faɗa ya bi a hankali kada ya lotsa mata kwano. Taki ɗaya, hutu ɗaya, har ya kai. A cikin ƙusa goma sha shida, biyar da hannu kawai ya zare su. Ya canza duka, ya sa sabuwar roba a kowane rami. Da ya sauko sai da ya zauna a ƙasa, gumi na zuba, yana murmushi. Ranar ya ajiye tsani.

Damina ta zo da iskarta, ta wuce. Ba faranti ɗaya da ya motsa a gidajen nan talatin da ɗaya, ɗakin Gwaggo bai yi yoyo ba, kekenta bai tsaya ba. Ba wanda ya yi zancen, domin ba abin da ya faru.

Baba, kai ne ka ga aibin da ba mai gani, ka kira shi da sunanka. Kai ne ka hau da ciwo don tsohuwa ta zauna lafiya a ƙarƙashin aikinka. Mun gode. Allah ya sauwaƙa maka gwiwoyinka, ya ba ka hutu mai daɗi.

Masu sana'a kuwa, manya da ƙanana, duk wanda ya san wani wuri da hannunsa ya kuskure, ko da ba wanda ya gani, ya tashi ya je ya yi sallama a gidan tun yana da ƙarfin zuwa.