Kwanakin da Rajista Ta Ce Ba Mu Zo Ba

Ba ni da tabbacin ko shekarata tara ko na riga na shiga ta goma, amma na san lokacin sanyi ne, domin rana kan faɗi tun kafin ƙarfe biyar. Muna zaune a hawa na huɗu a wani tsohon gini a unguwar Mount Hope, can ƙasar waje, ɗaki biyu da falo. A gida muke karatu, ni da ƙanena Sadiƙu, kuma ni ce dalili. Ina da i'ina. A makarantar da na fara zuwa yara sun mayar da ita abin wasa, har na daina magana a aji, daga baya na fara dainawa a gida ma. Umma ta cike takardu ta cire ni, ta haɗa da Sadiƙu don kada in zauna ni kaɗai.

Hukuma ta yarda da karatun gida, amma da sharaɗi. Duk wata uku sai an aika rahoton abin da aka koyar da yawan awowin da aka yi. Sannan dole a ajiye rajistar halarta a gida, ko da wata rana za a ce a kawo ta. Tamu koren littafi ne mai layi-layi, a kan firji yake kwana. Ƙarfe takwas da rabi na safe Umma za ta tsaya a bakin teburin cin abinci ta kira suna, mu biyu kacal, mu amsa, ta sa alama. Sadiƙu yakan ce, "Umma, ai kina ganina." Sai ta ce gani daban, rubutu daban. Ina jin a wurinta na gaji halin komawa in duba ƙofa bayan na san na kulle ta.

A shekarar ne Umma ta samu cikin ƙanwarmu, mahaifiyarta kuma ta taso daga Kano don wankan jego. Hajja muke ce mata. Sunanta aka sa mini, don haka ita Takwara take kirana. Umma kuwa 'yar fari ce, ban taɓa jin Hajja ta kama sunanta ba, sai dai "ke yarinyar nan". Ba ta yi kwana goma da sauka ba haihuwa ta zo kafin lokacinta. Aka yi wa Umma aiki, aka sa jaririya a kwalba, aka riƙe su a asibiti sati uku. Abba yana tuƙin tasi, rabinsa na kan titi rabinsa na asibiti. Aka bar mu da tsohuwar da ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba.

Da rana ba zan ce mun yi karatu ba. Mun yi shara, mun tsince shinkafa, mun yi kallo fiye da yadda Umma za ta yarda. Mukan roƙi Hajja tatsuniya tun da hantsi, ta ƙi.

"Ta rana? Mai tatsuniyar rana ɓata yake yi. Ku ɓace mini a garin da jirgi ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, in ce wa uwarku me?"

Sai an yi Magariba take ɗora kunun kanwar da Abba zai kai asibiti. Ta ce tatsuniya ba ta zama inda babu wuta, to shuɗiyar wutar gas ɗin nan ita ce murhunmu. Ta shimfiɗa tabarma a ƙasan kicin, ta jingina da firji, ta miƙe ƙafafu cikin safar Abba guda biyu-biyu, sannan ta fara.

"Ga ta nan tana hawo bene, lif ya mutu."

"Ta ƙaraso mu ji ta," mu amsa.

Tana da doka ɗaya. Ba a fara sabuwa sai ɗayanmu ya maimaita ta jiya. Sadiƙu yakan faro da Hausa ya ƙare da Turanci, ta ce, "Angon nan nawa baturen banza ne, an cuce ni." In layi ya zo kaina kuwa, harafi ya maƙale mini a maƙogwaro, ba ta taɓa ƙarasa mini kalma ba. Juya kununta kawai take yi. "Takwara, ba jirgi za mu kama ba. Kalmar tana hanya."

Ranar da aka sallamo Umma, tun ba ta cire mayafi ba ta miƙa hannu kan firji. Ranakun karatu goma sha biyar, babu alama ko ɗaya, kuma saura sati guda a aika rahoto. Ta zauna, hawaye na zuba. Ban san ainihin abin da doka ta tanada ga wanda awowinsa suka gaza ba, kuma ina zaton ita ma ba ta sani ba sosai. Abin da ta furta shi ne, "Za su ce na kasa. Za su mayar da Ummi makaranta." Ummi ni ce.

Da la'asar Anti Rabi ta zo barka. Ƙawar Umma ce daga unguwar Morris Heights, 'yar Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Hausarsu ta Zango ba ta cika raba mace da namiji ba, kowa "kai" ne a bakinta. Ta ajiye kular wake da shinkafa, ta leƙa littafin, ta yi dariya.

"Wannan ne kake ma kuka? Ɗauki biro ka cika shi. Wa zai sani? Mutanen nan takarda suke so, ba su takarda."

Umma ta ɗauki biron. Gara in faɗi gaskiya: a zuciyata addu'a nake yi ta cika. Da an ba ni, da na cike har da Asabar da Lahadi.

Hajja tana bakin ƙofar kicin da carbi. Ta tambayi abin da ake ciki, aka yi mata bayani. Ta ce, "Ke yarinyar nan, ajiye abin nan har a yi Magariba."

A wannan maraicen babbar tukunyar ruwan wanka ce a kan wuta, kuma har Umma da Anti Rabi aka zaunar a tabarma. Tatsuniyar da ta yi ban taɓa jin ta a bakin kowa ba, ina ma zargin a lokacin ta ƙaga ta.

Wai a shekarar fari tafki ɗaya ya rage a daji. Sarkin tsuntsaye ya kafa doka: kowace safiya kowa ya zo fada a ƙirga shi, wanda aka nema aka rasa sau da yawa ba shi ba ruwan tafkin. Hankaka aka ba ƙirga, saboda farar rigar da ke ƙirjinsa. To, kaza ta hau kwanci. In ta tashi ƙwai ya huce, in ta zauna Hankaka ya ce ba ta zo ba. Kurciya ta zo ta ce, "Cire gashinki ɗaya in riƙa ɗagawa daga bayan taro, Hankaka ba ya duba fuska." Kaza ta ce, "Ban je ba, ba zan ce na je ba. Amma kuma ba a banza nake ba, ba wanda zai ce a banza nake." Ta zauna sati uku. Ranar da ta ƙyanƙyashe ta jero 'ya'yanta har bakin tafki. Hankaka ya tare ta, ya ce a lissafinsa babu ita. Ta ce, "Ka tambayi inda ban je ba, ba ka tambayi inda nake ba. Ga inda nake." Ta nuna tsaki tara. Aka ruga a kira Sarki ya yanke hukunci.

"Sai Sarki ya ce me?" in ji Sadiƙu.

"Oho masa," in ji Hajja. "Kafin ya iso ta sha ruwanta, 'ya'yanta sun sha. Ƙurunƙus kan ɓeran ginin nan, wanda ya fi na Kano ƙiba."

Anti Rabi ta tafa hannu. "Hajiya, wato ni ne kurciya?"

"Kurciya ma da kyakkyawar niyya ta zo, 'yata. Ga shi har da wake."

Umma ba ta yi dariya ba. Ta ce cikin ladabi, "Hajja, su fa karatu suke nufi. Na safe, da littafi."

"A takardar tasu an rubuta sai da safe?" in ji Hajja.

Umma ta ce ba ta tuna an rubuta haka ba.

"An rubuta sai da Turanci ake koya wa yaro ya saurara ya maimaita?"

Nan ma Umma ba ta da tabbas.

"To ni na koyar. Ba za a rubuta abin da ba a yi ba, kuma ba za a share abin da na yi ba. Takwara, ɗauko littafin."

Yadda aka cike rajistar ke nan, kuma ya ɗauke mu maraice uku. Hajja ba ta san kwanan watan Turawa ba, amma ta san daren kowace tatsuniya: wannan ranar Litinin ɗin da aka yi ƙanƙara, waccan daren da Abba ya manta fulas. Umma ta nemo ranar a kalanda. Sannan sai ni ko Sadiƙu mu ba da tatsuniyar daga farko har ƙarshe. In mun iya, Umma ta sa alama, ta rubuta awa ɗaya da rabi, sauraro da ba da labari da baki. In mun kasa, Hajja ta ce, "Ba ku zo ba," a bar gurbin fari. Biyu muka kasa. Akwai kuma daren da Sadiƙu ya yi barci tun kafin kura ta shigo labarin, Hajja ta sa aka rubuta ni kaɗai na halarta. Ya yi kuka, ya ce shi ma yana kan tabarmar. Ta ce tabarmar ma tana wurin, ba a sa mata alama ba.

Tara daga cikin tatsuniyoyin ni na bayar. Na yi i'ina a kusan kowace jimla. Umma, wadda ta shekara ba ta ji na haɗa magana mai tsawo ba, ta riƙa kallona har in kai ƙarshe.

Awowin ba su cika ba, ko kusa. Haka Umma ta rubuta su a rahoton, ta ƙara bayanin asibiti da yadda za mu rama a wata uku masu zuwa. Na tambayi Hajja, in suka ƙi fa? Ta ce, "In sun ƙi, ki kai ni. Ki tsaya ki ba su ta kaza, mu ga wanda zai fara gajiya." Sati-sati ina saukowa tare da Abba duba akwatin wasiƙa. Ba abin da ya zo. Ba zan ce an karanta an gamsu ba, mai yiwuwa ba wanda ya buɗe. Abin da na sani shi ne ba a mayar da ni ba, sai da na kai shekara goma sha uku na ce da bakina ina son komawa.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin gargaɗi kan ƙarya, ba wani abu ba. Rabinta na biyu sai bayan na gama jami'a na gane shi. A lokacin Hajja ta kwanta ciwon ajali a Kano, na tafi da niyyar wata ɗaya, na yi shekara biyu ina jinyarta. Da na dawo na zauna rubuta takardar neman aiki, sai ga gurbin shekara biyu fari fat. Wata abokiyar karatuna ta ce in rubuta cewa aikin fassara na ƙashin kaina na yi, ba mai bincikawa. Wata kuma ta ce in bar wurin haka, in yi fatan ba za a lura ba. Na yi kwana huɗu ina rubutawa ina gogewa, domin ni ba jaruma ba ce, kuma ina bukatar aikin.

A ƙarshe na rubuta: jinyar kakata, cikakken lokaci, da kwanan watan farawa da na gamawa. Wurare biyu ba su kira ni ba, ban sani ba ko layin nan ne ya jawo. A na uku, mutumin da ke yi mini tambayoyi ya ɗora yatsa a kansa, ya ce wato shekara biyu ba na aiki ke nan. Harafin farko ya maƙale mini kamar yadda ya saba. Ya buɗe baki zai taimaka mini da kalmar, na ɗaga hannu na dakatar da shi. Ya jira. Da ta iso, na gaya masa inda nake a shekara biyun nan, da abin da na yi a cikinsu, ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ba shi haƙuri ba.