Zakaran Gidan Gwaji

Matso nan kusa, 'yar'uwa, ki ji abin da ya raba ni da kiwon kaji.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, muna zaune a unguwar Gema, cikin garin Paraku. Ina da kaji cike da tsakar gida, dukansu zuriyar wata wake-waken kaza ce da innata ta ba ni ranar da na baro garinmu Jugu. Ita nake kallo in kewar gida ta taso mini.

Maigidana mahauci ne. Sai ya samu aiki a wani gidan gwaji a bayan gari, inda likitan dabbobi ke raba kaji keji biyu. Na keji ɗaya a yi musu allurar cutar farin zawo da gangan, na ɗayan a bar su lafiya don a gwada bambanci. Aikinsa ya yanka, ya farke ciki, likita ya duba hanta, sannan a ƙone duka, har masu lafiyar. Wannan ƙonawar ce ta tsaya masa a rai.

Ran nan ya shigo da farin zakara cikin babbar riga. Ya ce, "Daga kejin masu lafiya yake. Naman halal a ba wuta? Haba!"

Na ce, "Malam, ka tabbata?"

"Ke, ni da ke wa ya san kaza?"

Ya saki zakaran cikin kajina. Ba a jima ba suka fara sauke fukafukai, gindinsu fari fat. Cuta ta tsallaka katanga. Maƙwabciyata ta shigo ba sallama, ta maka mini matacciyar kazarta a ƙirji, ta shaƙe ni sai da aka ɓamɓare ta.

Kashegari kamiyo, babbar motar gidan gwaji, ya tsaya a ƙofa, likita da ma'aikata riƙe da sanduna. Ba ruwansu da bisimilla. Suna bin kaji suna rotse kawuna, wasu su murɗe wuya su jefar, kaza ba kai tana tsalle tana fesa jini a kan turmina. Suka tara su a rami, suka zuba isansi, wato fetur, suka cinna wuta.

Ni kuwa na kife wake-waken da tukunya, na zauna a kai. Lafiyarta ƙalau, wallahi, ko zawo ba ta yi ba. Sai ta yi kuka.

Wani ya ɗaga sanda. Maigida ya tare shi, ya ce, "Wannan ni zan yi." Ya dube ni. "Tashi, uwargida."

Na ce, "Kashe ni tukuna." Ya fizge ni na faɗi, haɓata ta bugi dutsen murhu. Ina kwance ina tofar da jini ya take wa kazar ƙafafu, ya fuskanci gabas, ya ja wuƙa.

Da yamma ya zauna bakin tabarma, hannunsa na ƙaurin gashin kaza, yana jiran tuwo. Da ke ce, za ki ɗora masa tukunya?