Yaron Utaibiyya da Zagin Kakarsa

A shekarata ta biyu a Makka aka kawo mini shi. Lokacin ina koyar da yara tanis a wani kulob da ke kan hanyar Muzdalifa, ina haya a unguwar Kudai tare da wani abokina Bakano. Daga Kaduna na zo. Yaran suna kirana kabtin, kamar yadda ake kiran duk mai horarwa a can, kuma saboda zafi ba ma shiga fili sai rana ta yi sanyi.

Yaron shekarunsa goma sha ɗaya, siriri, mai dogon hannu. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne a unguwar Utaibiyya, haifaffen Makka. Ya gaishe ni da Hausa mai ɗanɗanon Sakkwato, ya ce yaron kam sai Larabci.

A wajen atisaye babu kamarsa. Duk inda na jefa ƙwallo zai same ta, ya mayar ta tsallake raga ta sauka inda ya nufa. Amma da an fara ƙirga maki sai ya zama wani yaro daban. Kuskure ɗaya ya isa. Kafaɗunsa su ɗaure, hannu ya yi nauyi, sai ka ga wanda bai kai shi ba ya cinye shi. Na lura kuma bakinsa na motsi bayan kowane kuskure. Na ɗauka addu'a ce.

Wata rana na tsaya kusa da shi ina tattara ƙwallaye, ya buga ɗaya ta faɗa raga. Sai na ji ya ce, a hankali, haƙora a cije, "Sakarai. Shashasha. Ba ka da amfani."

Hausa ce tsantsa. Bayan an tashi na zaunar da shi a benci, na tambaye shi da guntun Larabcina inda ya samo waɗannan kalmomi.

"Sitti ce," ya ce, wato kakarsa. "Haka take ce mini in na zubar da shayi."

"Da fushi take faɗa?"

Ya yi tunani. "Tana dariya. Amma ai gaskiya take faɗa, kabtin."

Ban yi masa wa'azi ba. Na ba shi aiki ne. Bayan kowane maki, ya ci ko bai ci ba, ya juya wa raga baya, ya gyara igiyoyin raket ɗinsa, wato abin buga ƙwallon, ya ja numfashi, sannan ya ce, "Ta wuce." Ya tambayi ma'anarta, na faɗa masa. Da farko yana yi kamar wanda aka tilasta wa shan magani. Wani lokaci ya faɗi tawa, ya ɗora ta kakar a kai.

Bayan 'yan makonni sai ga kakar da kanta, mahaifin yaron ya riƙo mata kujerar roba. Tsohuwa ce ƙarama, cikin baƙar abaya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne malamin ƙwallon?" ta ce. "Kai ka ce ina zagin jikana?"

"Ban ce ba, Hajiya. Abin da na ji a bakinsa na maimaita wa mahaifinsa."

"Wannan ai maigidana ne. Ni da shi sai tsokana. Haka kakana ya yi da ni, in ya ce mini mummuna in ce masa tsoho mai ran ƙarfe. Shi wannan ko sau ɗaya bai taɓa ramawa ba."

Na ce mata wataƙila bai san ana ramawa ba. Babu wanda ya gaya masa wasa ne tsakanin kaka da jika. Kalmomin yake ɗauka ya tafi da su.

Ta daɗe tana kallon fili, inda yaron ke koyon sabis, wato bugun farko, shi kaɗai. Ba ta ce na yi daidai ba. Ta dai ce wa ɗanta, "Laifinku ne da ba ku koya musu magana ba." Shi kuwa ya duba wayarsa.

Abin da ya faru a gida ban gani ba. Na dai ji daga baya cewa ba ta daina tsokanarsa ba, sai dai ta koya masa abin da zai mayar mata, kuma ba ta barinsa ya bar ɗakin sai ya faɗa. Ya zo mini da wasu ya tambaya ko daidai yake furtawa. Yawancinsu a kan haƙoranta ne.

Aikin Hajji ya zo, hanya ta cika da motocin alhazai, aka rufe kulob na ɗan lokaci. Da aka buɗe muka je gasar yara a Jidda. Ya ci wasa biyu. A na uku ya haɗu da wani yaro da ya fi shi tsawo da ƙarfi, yaron nawa ya yi sabis biyu a jere cikin raga a daidai lokacin da bai kamata ba. Na zuba masa ido. Ya juya baya, ya gyara igiya, ya dawo ya ci maki uku a jere. Duk da haka an cinye shi, don wancan ya fi shi.

A mota bai yi kuka ba. Ya ce bugun wancan yaron ta hagu ne ya dame shi, yana so mu yi aiki a kai. Muka yi wata biyu muna wannan.

Shekara ta zagayo, wani kulob na Jidda mai rufaffun filaye ya nemi ya koma can, mahaifinsa ya amince. Ni aka ba ni ajin 'yan shekara shida, waɗanda raket ya kusa fin su tsawo.