Ranar da Na Kai Inna Bodar Kamba

Shekarun baya, tun mahaifiyata na da ƙarfinta, duk kaka gidanmu na Fakku cika yake yi da ciyawar tsintsiya. Ita da matan unguwa ke yanko ta a fadama, a shanya, a kakkaɓe, a ɗaure da kaba. Mai saye kuwa wata Bazabarma ce daga Gaya ta Nijar. Takan zo da kanwa da dabino, ta koma da tsintsiya maƙil da mota. A ɗakin Inna take sauka. Hausarta a karye take, Inna kuma ko gaisuwar Zabarmanci ba ta iya ba, amma sai su wuni suna hira da ƙyaƙyata dariya har tuwo ya ƙone.

Sannu a hankali zuwanta ya ja baya. Ta ce kuɗin fito a boda ya yi nauyi, kafin tsintsiya ta isa kasuwarsu ta fi ƙarfin mai sharar tsakar gida. Daga baya ma aka rufe bodar, shi ke nan ƙafarta ta ɗauke. Inna ta koma kai nata kasuwar Kebbe, amma masu kyan sai ta ware, wai na ƙawarta ne.

Ina koyarwa a Tambuwal lokacin da aka buɗe hanya. Na zo gida gaisuwa, Inna ta ce, "Kai ni Kamba. Ƙafafun nan sun soma yi min gardama. In ban ga ƙawata bana ba, ban san baɗi ba."

Muka aika wa ƙawar saƙo ta hannun wani direba, muka ɗauki dammunan tsintsiyar da Inna ta tara. Ni kuwa na sha babbar riga, a tunanina za ta yi mana aiki.

A boda wani ɗan kwastan ya ce wannan kayan sayarwa ne, ba su wucewa sai da takarda da fito. Na gyara tsayuwa na shiga zuba masa Turanci kan zumuncin ƙasashe maƙwabta. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Malam, ka gama?"

Inna ta ja hannun rigata. "Bari, kai dai. Ba don kaya munka zo ba."

Muka bar dammunan wajen wata mai abinci muka taka. Can gindin darbejiya muka hango ƙawar Inna zaune, jikanta ya kawo ta a mashin. Ta rame, yanar ido ta rufe mata gani. Da muryar Inna ta gane ta. Ta lalubo hannuwanta ta riƙe.

"Ina tsintsiyata?" ta tambaya.

"Sun hana ta wucewa," in ji Inna.

Ashe ɗan kwastan ɗin na kallonmu. Sai ga shi da guda ɗaya da ya zaro daga damin, ya miƙa wa Inna ya ce, "Mama, wagga tsaraba ce, ba fito a kanta."

Tsohuwar ta kai tsintsiyar hanci ta shaƙa. "Fadamarku," ta ce, hawaye na bin kumatunta.

Suka yi ta hirarsu har la'asar. Da za a rabu kowacce ta roƙi gafarar 'yar'uwarta, babu wadda ta ce sai wani zuwan.

Ba a daɗe ba Allah Ya yi wa Inna rasuwa. Direban nan ya bar bin hanyar, ni kuma ban taɓa sanin unguwarta a Gaya ba. Na je na yi cigiya ban dace ba. Har yau ban samu mai kai mata labari ba, ban ma san ko tana raye ba. Wani lokaci nakan lallashi kaina cewa gara haka, tunda a wajenta Inna na da rai. Amma zuciyata ba ta yarda. Duk waɗanda suka zo mana ta'aziyya, ita ce ya kamata ta zauna kusa da ni a tabarma, mu yi kukan tare.