Takardu Uku a Gwangwanin Shayi

Shekara bakwai ke nan cif da maza suka ɗauki ƴata Rabi daga tsakar gidana a Tamanrasset suka kai ta makwancinta. An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni kuwa daɗin bana ne ya sa na tuna bara, saboda haka ku ba ni aron kunnuwanku, ku masu karanta jarida.

Ban taɓa zama kan bencin lekkol, wato makarantar boko, ba. Bakina ne ke tafiya, ɗana ke bin sa da bik, wato alƙalami. Ɗan farina ne, ba na kama sunansa. Unguwa na ce masa Mai Kamiyo, don babbar motar kaya yake ja, ni ma haka zan ce. Na zaɓe shi ya rubuta da gangan, don maganar da shi ta fara.

Daga Damagaram aka kawo ni garin nan ina da ƙuruciya. A can inda na tashi, rubutu iri biyu ne. Na lekkol na nasara ne, ana ƙunsa ƙosai da shi. Na Larabci kuwa na Allah ne. In ka tsince shi a ƙasa ka ɗauka, ka kakkaɓe, ka ɗora a sama inda ƙafa ba ta kaiwa. Haka uwata ta koya min, haka tata uwar ta koya mata. Babu wanda ya ja ni gefe ya ce, ke baiwar Allah, a ƙasar nan da Larabci ake kiran mutum buro, wato ofis.

Ana nan, ana nan, ɗan nan nawa mai rubutun ya gama ƙaramin lekkol ya shiga kolej. Ubansu, Allah ya jiƙansa, yana kan hanyar Agadas wata da watanni. Wata rana yaron ya miƙo min takarda ya ce daga lekkol ce. Na buɗe na ga baƙaƙen Larabci a jere, ga hatimi a ƙasa. Na ce Alhamdu lillahi, lekkol ɗin ƙasar nan har addu'a take aiko wa iyaye. Na ninke ta, na sa a gwangwanin shayi, na ɗora saman bango. Ta biyu ta zo, na ɗora. Ta uku ta zo, na ɗora, har na jefa mata ɗan turare. Ta huɗu ba ta zo ba. Yaron ne ya zo, ya ce an soke sunansa.

Ga shi ya ajiye bik, ya ce in faɗi nasa kason. To, zan faɗa. Shi ya san abin da ke cikin takardun, don tashar kamiyo yake wuni maimakon aji, kuma ganin na ɗora su a sama daɗi ya yi masa. Amma shi yaro ne, ni ce babba. Sau uku aka kira ni, sau uku na yi wa kiran turare. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Rabi ƙanwarsa ce. Ita Allah ya ba ta kai, ya kuma ba ta taurinsa. Ta wuce kolej, ta wuce lise, ta zama malama a wani lekkol na bayan kasuwa, sannan ta koma jami'a neman ƙarin karatu. A can aka ce kowa ya zaɓi ciwo ɗaya na makarantun sakandare ya bi shi har saiwa. Ita ta zaɓi yaran da ake soke sunansu. Ta gaya min duk buron da ta shiga amsa ɗaya ake ba ta: mutanen kudu ba su damu da karatu ba, mun rubuta musu, ba su zo ba. Wannan maganar ta tsaya mata a wuya kamar ƙashin kifi, don uwarta ake nufi da yayanta.

Ranar da za a yi wa ɗakina sabon yaɓe aka sauko da kayan saman bango. Rabi ta buɗe gwangwanin tana neman ganyen shayi. Na ga ta zauna a ƙasa, ta karanta ɗaya, ta karanta biyu, ta karanta uku.

"Inna, kin san abin da ke cikin nan?"

"Sunan Allah."

"Inna, babu sunan Allah ko ɗaya. Sunan Yaya ne, da ranar da aka ce ki zo."

Ban yi kuka a gabanta ba. Na shiga madafa na hura wuta alhali babu abin da zan dafa. Da na fito ta riga ta buɗe kayenta, wato littafin rubutunta, tana rubutu, ta ɗago ta tambaye ni mata nawa na sani masu irin wannan gwangwani. Na ce duk wadda ta tashi inda na tashi.

Nan aikin ya soma, kuma nan na shiga cikinsa. Ta fara zuwa ita kaɗai, aka rufe mata ƙofa da murmushi. Mutanenmu in sun ga mai kaye da bik, jandarma suke tunawa. Sai ta dawo ta ce in yafa mayafina. Muka riƙa shiga gida gida, ita da jerin sunayen yaran da aka soke, ni da gwangwanina. Ba ta fara tambaya. Ni nake fara buɗe nawa, in ba da labarina, in bar kunyata a tsakiyar tabarma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai ka ga matar gida ta miƙe, ta taka turmi ta miƙa hannu saman bango.

Mun ga abin dariya, mun ga abin kuka. Wata a cikin kwallar aurenta ta adana. Wata a bayan madubi. A Abalessa, wajen masu garka, wato lambun dabino, wata Buzuwa mai jin Hausa ta kira surukarta mai goye da jariri, ta nuna mana laya a wuyansa. Takardar korar yayansa ce aka ɗinke a fata don ta tsare shi daga maita. Da aka farke aka karanta, matar ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska. Rabi ba ta yi dariya ba. Ta nemi izini ta karɓi takardar da hannu biyu.

Shekara biyu muna wannan yawon. Ba duk gida ne da gwangwani ba, kuma Rabi ba ta ɓoye haka ba. Akwai yaran da yunwa ta fitar, akwai waɗanda nisa ya fitar, duk ta rubuta. Amma ta ce ciwon da ya fi sauƙin magani shi ne wanda buro ke haifarwa da hannunsa bai sani ba.

Ranar da manyan malaman jami'a suka zauna don su auna aikinta, ta sa ni a layin gaba. Larabcina na kasuwa ne, bai kai ni ko'ina ba a wannan ɗakin, amma fuska ba ta buƙatar tafinta. Wani dattijo mai farin tabarau ya tsare ta da tambaya. Daga baya ta gaya min cewa ya yi, ta ina ta san ba uzuri kawai matan suka ba ta ba? Sai na ga ƴata ta sunkuya, ta ɗauko jaka, ta juye a kan tebur. Takardu suka baje, kowace a ninke, babu mai datti, babu mai ɗigon mai, wasu sun girmi ɗaliban da ke zaune a ɗakin. Ƙanshin turare ya tashi har inda nake. Ta ce masa wanda ya raina abu ba ya sa masa turare. Dattijon ya ɗauki guda ya kai hanci, ya cire tabarau. Da aka tashi ya tako har gabana ya dafa ƙirji ya rusuna. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ran nan na ga yarinya ta hango daga ƙasa abin da manya suka kasa gani daga kan kujera.

Mudir ɗin lekkol ɗinta, wato shugaban, shi ya fara karɓar shawararta. Abu uku ta nema. Kada takarda ta fita sai da baki a bayanta. Kada a soke sunan yaro sai wani daga lekkol ya zauna kan tabarmar gidansu. In uba yana kan hanya, yatsar uwa ko ta kaka ta isa sa hannu. Aka fara kiran mata tsakar lekkol ana magana da Hausa da Buzanci. Yaran da da sun bi kamiyo suka zauna a aji. Wasu lekkol ɗin suka aiko a ba su aron dabarar.

Sai Allah ya karɓi abarsa. Ciwon kwana tara. Ba zan tsaya a nan ba.

Kwanci tashi aka canja mudir. Sabon ya zo daga arewa, yaro ne mai ladabi da son aiki. Ya ce zamani ya wuce aiken baki, kowa na da waya, saƙo ɗaya ya isa. Aka daina zama kan tabarma. Ina ji ina gani aikin Rabi ya soma bin ta ƙasa, ni kuwa na ce wace ce ni da zan koya wa buro aikinsa.

Shekara uku da suka wuce, matar Mai Kamiyo ta sha wuyar haihuwa ta kwanta. Babbar ƴarsu Zainabu, tana lise a lokacin, ita ta zauna jinya. Lekkol ya aika saƙo a wayar uban, uban yana tsakiyar hamada inda waya ba ta kamawa. Aka sake aikawa, aka kuma sakewa. Wata maƙwabciyarmu mai shara a lekkol ce ta leƙo ta ce, Inna, na ji sunan jikarki a bakin masu buro, jibi za a soke. Na ce a'a. Kura ta ci uba ina kallo, ba za ta dawo ta ci ƴa ba.

Na sauko da gwangwani, na ɗauki littafin aikin jami'a na Rabi mai baƙin bango, wanda ban san harafi ɗaya a cikinsa ba alhali da ƙafata aka rubuta rabinsa. Na tafi buro, maƙwabciyar tana yi min tafinta. Mudir ya miƙe ya ba ni kujera.

"Hajja, sau uku muka aika."

"Ɗana, ni ma sau uku aka aiko min. Ga su nan, shinshina."

Ya karɓa yana kallona.

"Saƙonka ya tafi hamada neman kamiyo, ni kuwa gida biyar ne tsakanina da ƙofarka. A da takarda muke ɗorawa a sama, yanzu kai ne ke jefa ta sama. Ga littafin ƴata. Ni ba zan iya karanta shi ba, kai za ka iya. In ka gama ka soke."

Bai soke ba. Bayan sati ya yi sallama a ƙofar gidana, ya cire takalmi ya zauna kan tabarma, ya sha shayi kofi uku. Ya ce irin littafin yana cikin kabad ɗin buronsa tun zuwansa, a can sama, bai taɓa buɗewa ba. Na ce ashe kai ma ɗan Damagaram ne. Ya yi dariya har ya ƙware.

Da Rabi za ta leƙo yau, me za ta ce? Za ta tarar wayar da ta so kashe aikinta ita ke ɗauke da shi. Yanzu murya ake aikawa, da Hausa da Buzanci, kuma a wayar wadda ke gida. Na san za ta yi murmushi, sannan ta buɗe kaye ta tambaya, to wadda ba ta da waya fa? Za ta kuma tsaya a kan ƴaƴan masu zuwa aikin gini daga gida Nijar, waɗanda ba a soke sunansu don ba a taɓa rubuta shi ba. Wannan ciwon bai sami mai bin sa har saiwa ba tukuna. Ina faɗa a jarida ko Allah zai sa ya faɗa kunnen wata mai taurin kai.

Bana Zainabu ta ci bak, babbar jarrabawar fita lise. Ta shigo da takardar tana tsalle, mata suka cika gidan da guɗa. Na ga baƙaƙen Larabci a jere, ga hatimi a ƙasa, hannuna ya miƙa da kansa zai ninke. Na tsayar da shi. Na ce a karanta min. Zainabu ta karanta da Larabci. Na ce ubanta ya karɓa ya juya min da Hausa. Ya karɓa, mutumin da ya yi shekara talatin yana bin hamada, ya kai kan sunan ƴarsa, ya ɗora yatsa a kai. Na ce sake. Ya sake. Na ce sake, na uku, don sau uku aka kira ni ban amsa ba.

Rabi ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba. Ta bar littafi ɗaya da al'ada ɗaya: a lekkol ɗin unguwarmu ba a yanke wa yaro hukunci sai an ji muryar gidansu. Allah ya kai haske kabarinta, ya sa wannan ya zame mata sadaka mai gudana.

Gwangwanin yana nan saman bango, ban bar halin uwata ba. Takardu huɗu ne a ciki yanzu, ta Zainabu a kan ukun ubanta, da ɗan turare. Ita ce ta farko da na san abin da ke cikinta kafin in ɗora.